Babi na Shida: Ashariyar Fim, Daga Bakin Wa Aka Ɗauko Ta?

Akwai tambayar da magidanta ke yawan yi a unguwar Dar es Salam ta birnin Yamai, kamar yadda ake yin ta a Maraɗi da Zariya da duk wani wurin da fim ɗin Hausa ya isa, kuma galibi takan taso ne lokacin da iyali suka taru a gaban talabijin bayan sallar lisha, ɗan wasa ya lailayo wata kalma mai nauyi ya dire ta a tsakar ɗaki, uwargida ta sunkuyar da kai, maigida ya shiga laluben abin sauya tasha. Tambayar ita ce: shin haka mutanen can suke magana da gaske, ko kuwa ƴan fim ne suke yi musu ƙage? Idan aka kai ƙorafin ga masu sana'ar, amsarsu a shirye take, wato su dai madubi ne, abin da ke cikin jama'a suke nunawa, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Idan kuwa aka kai shi ga dattijon garin da aka kwaikwayi harshensa, sai ya yi rantsuwa cewa tun tasowarsa bai taɓa jin ɗan mutunci ya furta irin wannan a bainar jama'a ba. Abin da ya sa mas'alar ta yi wuyar warwarewa shi ne, kowanensu gaskiya ya faɗa gwargwadon abin da ya sani, don haka babu makawa sai mun bi ta daki-daki.

Rabe-raben magana mai kaushi

Farkon abin da ya wajaba shi ne mu rarrabe abubuwan da ake tarawa a kira su da suna guda, alhali Bahaushe bai taɓa ɗaukar su abu ɗaya ba. Zagi shi ne a jefi mutum da aibi, ko a tsallaka zuwa ga iyayensa, da nufin ƙona masa rai. Ashar ya fi zagi nauyin lafazi, saboda yana ambaton abin da shari'a da al'ada suka yi umurni a suturta, amma sau da yawa ya fi shi sauƙin niyya, domin akwai mai yin sa don mamaki, akwai mai yin sa don zafin tuntuɓe, har akwai mai yin sa don yaba bajintar wani. Batsa kuwa babu fushi a cikinta ko kaɗan, zance ne na sha'anin maza da mata da ake yi don a yi dariya. Bayan waɗannan akwai baƙar magana da gatse da habaici, masu iya yanka mutum har ƙashi ba tare da kalma ɗaya ta alfasha ba, sannan akwai daƙuwa, wadda tafin hannu ke aiwatarwa baki yana rufe.

Malaman fiƙihu sun riga kowa lura da wannan. A babin ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne kamar yadda ya zo a Suratun Nur, mazhabar Malikiyya da muke bi ta tsananta, har ta ƙidaya kore wa mutum nasabarsa daga ubansa a cikin ƙazafi, ta kuma ce zargin da aka yi a kaikaice yana iya jawo haddi matuƙar manufarsa ta bayyana. Ke nan in da zahirin lafazi kaɗai za a bi, kalmar "shege" da ake ji sau ba adadi a kasuwar Katako ta Yamai kowace safiya ta isa ta ƙarar da bulalar alƙalai. To amma malamai ba su yanke hukunci a kan furuci sai sun dubi urfin mutanen wuri da ƙarinar da ke tattare da maganar, wato wane ne ya faɗa, wa ya faɗa wa, a gaban wa, kuma cikin wane hali. Wannan ma'auni na malamai shi za mu ara mu auna maganar fim da shi.

Tambarin da ya bi Katsinawa

Duk wanda ya zauna cikin Hausawa ya san kowane gari da tambarin da maƙwabta suka buga masa, kuma wanda ya bi Katsinawa, har da ƴan uwansu na Maraɗi, shi ne saurin ashar. Haɗa garuruwan biyu a kan wannan suna ba abin mamaki ba ne, domin bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta na Haɓe ya yi arewa, har ɗan gidan, Ɗan Kasawa, ya kafu a Maraɗi wajen 1819, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. Iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka zo suka ja daga baya tuta da haraji ta raba, harshe yana nan yadda yake.

Shin tambarin gaskiya ne? A ganina akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma musun sa gaba ɗaya ba zai amfani kowa ba. Baƙon da ya tsaya a tashar mota a Jibiya ko Ɗan Isa zai ji kalmomin da zai ɗauka faɗa ne ya ɓarke, ya waiwaya a firgice, sai ya tarar abokai biyu ne da suka daɗe ba su haɗu ba suke rungume da juna suna dariya. Sai dai abin da baƙon nan ya ji maganar tasha ce tsakanin sa'o'i, kuma in da zai bi ɗaya daga cikinsu zuwa gida, da ya ga mutumin da ke tuɓe takalmi ya durƙusa gaban mahaifinsa, wanda ba ya iya kiran sunan ɗansa na fari, wanda in ya hango surukinsa yake sauya hanya, wanda ke cewa matarsa ta sauka domin nauyin ya ce ta haihu. Wannan mutum guda ne, kuma harshensa na gida ya fi na tasha yawa a cikin yininsa. Katsinar da ake yi wa wannan tambari ita ce dai garin hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, garin kwalejin horon malamai da aka yi bikin buɗewa a 1922, wadda ta yaye da yawa daga cikin shugabannin Arewa na farko; amma da wuya mai shirya wasan barkwanci ya tuna da wannan idan yana neman wanda zai saka wa baƙar kalma a baki.

Wani sashe na zargin ma daga bambancin karin harshe kawai ya samo asali. Mutanen yamma, daga Sakkwato zuwa Ƙonni da Tawa, idan za su fake wa rana sukan ce a zauna "gutsun icce", babu abin da ya ɗarsu a ransu sai itace da inuwarsa, amma Bakano da ya ji sai ya zaro ido, ya manta cewa "gindin bishiya" da shi yake faɗa ita ma fuska biyu gare ta. Nauyin kalma na garinta ne. Kuma tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, cibiyar wannan sana'a a Kano take, saboda haka da kunnen Kano ake auna abin da ya yi nauyi da abin da bai yi ba, sauran karuruwan harshe kuwa, Sakkwatanci ne ko Katsinanci ko Damagaranci, sun fi samun shiga ne a matsayin abin ba da dariya.

Inda al'ada ta buɗe ƙofa

Ba za mu yi adalci ga ƴan fim ba idan muka yi da'awar cewa kakanninmu ba su san magana mai kaushi ba sai da kyamara ta zo. Sun san ta sarai, har sun gina mata ɗakuna. Akwai wasan barkwanci tsakanin taubasai, da tsakanin jika da kaka, da tsakanin al'ummomi, kamar Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Zabarmawa da Buzaye, inda mutum zai gaya wa abokin wasansa maganar da in wani ya faɗa sai an kai ga alƙali, shi kuwa ya yi dariya ya rama. Wannan al'ada ta yi ƙarfi a Nijar har hukumar UNESCO ta shigar da ita cikin gadon al'adun duniya a 2014. Akwai ƴan gambara da ke bin kasuwanni, waɗanda batsa na cikin jarin sana'arsu. Akwai kirarin ƴan dambe, da hayaniyar mahauta, da zambon da maroƙa ke yi wa marowaci. Akwai kuma waƙoƙin da mata ke yi a cikin gida ranar biki, ana kaɗa ƙwarya, inda ake faɗin abin da ba a faɗa a zaure, kuma marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shahara da gwanintar faɗin irin wannan a lulluɓe, mai hankali ya gane, yaro ya ji kiɗa kawai.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hijabinsa. Ɗan gambara a kasuwa yake, wanda ba ya so ya ratse. Waƙar mata a cikin gida take, namiji baligi ba ya shiga. Barkwanci sai da wanda al'ada ta halatta maka, kuma ko matasan fada, da ke zaune kan tabarma suna jiran shayi ya nuna har tsakar dare, in liman ya gifta sai murya ta sauka, zance ya sauya, har ya ɓace. Malaman balaga sun ce kowane maƙami da maganar da ta dace da shi, Bahaushe kuwa ya yi aiki da wannan ƙa'ida tun kafin ya karanta ta a littafi.

Abin da kyamara ke zubarwa

A nan ne amsar tambayarmu take. Kyamara tana iya ɗauko lafazi daidai yadda ake furta shi a tashar Wadata ta Yamai, har da karin murya da murguɗa baki, amma ba ta iya ɗauko hijabin, domin da zarar an naɗi maganar, ta bar wurinta ke nan, za ta sauka a falon da uba da ƴarsa budurwa suke zaune, da ɗakin da suruka ta zo wankan jego, da wayar da ke hannun yaro ɗan shekara bakwai. Wanda ya faɗi kalmar a tasha ya san wa ke jin sa, ya kuma zaɓe ta ne saboda ya san babu wanda zai ji kunya. Ɗan wasan da ya maimaita ta bai san ko wa yake yi wa magana ba. Saboda haka idan mai fim ya ce bai ƙirƙiri kalmar ba, gaskiyarsa, kuma idan dattijo ya ce ba a faɗin ta gaban mutane, shi ma gaskiyarsa, tun da a garinsu ba a taɓa faɗin ta a inda shi yake zaune ba sai da akwatin nan ya shigo da ita.

Bayan mahalli sai miƙdari. Barkono yana cikin miyar kowane gida, amma wanda ya ɗebo shi zalla ya cika akushi ya ce ga abincin mutanen gari kaza, ya yi musu ƙarya ko da kuwa daga madafarsu ya ɗebo. Yinin ɗan kamasho na da sa'o'i masu tsawo na ciniki da lissafi da salla da gaisuwa da shiru, kaushin bakinsa kuma nan da can yake fitowa. Fim ba shi da lokacin wannan duka, sai ya tsince abin da zai sa a gane mutumin nan take, ya jera shi a minti biyar. Haka ake yi wa karin harshe ma. Ɗan wasan da aka ce ya fito a Basakkwace sai ya cika bakinsa da "munka" da "sunka" da "hwaɗi" da "kassuwa" fiye da yadda haifaffen Sakkwato zai yi, mutanen Tawa da Dogon Dutsi suna kallo suna jin inda ya kuskure, shi kuwa mai kallo na Kano ya gamsu. Wannan dabara ta girmi fim ɗin bidiyo. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne da ya san barikin da gaske, amma Hausar da ya saka a bakin Samanja, sojan da yake fitowa a matsayinsa a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna, taƙaitawa ce da ƙarin gishiri, an tace ta don dariya, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar ta shaida a kan yadda kowane soja ke magana da iyalinsa.

Yadda ake shirya wasannin ma yana da hannu. Ƴan Kannywood, wato masu fim na Kano, sun daɗe da raba aikinsu gida biyu, finafinan soyayya da iyali a gefe guda, na barkwanci da ake kira camama a ɗaya gefen, kuma na biyun sau da yawa ba a rubuta musu zance kalma bayan kalma, sai a gaya wa ɗan wasa gundarin fitowar a bar shi da bakinsa. Mai baiwa irin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, yana iya sa mutane dariya da kallo kawai, ko da rainin wayon ɗan ƙauye da ya shigo birni. Wanda bai kai shi ba, idan hikima ta ƙare masa kyamara kuma tana jira, babu abin da ya fi kusa da hannunsa irin zagi. Da yawa daga cikin abin da ake kare shi da sunan gaskiyar rayuwa, in an bincika, ƙarancin fasaha ne. Hujjata a kan haka ita ce, a nan Nijar Yazi Dogo da abokan wasansa sun shekara da shekaru suna sa ƙasa dariya ta Télé Sahel, suna caccakar maƙetaci da mai cin hanci da ɗan boko mai girman kai, a gidan talabijin na gwamnati inda ashar ba shi da ƙofar shiga. Kuma shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ya nuna ƴan shaye-shaye da ƴan tasha da kishiyoyi masu baƙin baki, jama'a suka gane su sarai, ba tare da an kori kowa daga falo ba.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Amurka an yi wata ƙa'ida da ake kira ta Hays, wadda aka tsananta aiki da ita daga 1934, ta hana alfasha a fim har zuwa 1968 da aka musanya ta da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo, daga nan bakin ƴan wasa ya buɗe, har fim ɗin The Wolf of Wall Street na 2013 ya maimaita wata kalmar ashar guda fiye da sau 500. Babu mai hankalin da zai ce Amurkawan 1950 ba su iya zagi ba, ko kuwa na 2013 ba su da abin faɗa sai shi. Doka da kasuwa ne suka sauya. A Indiya ma, da Anurag Kashyap ya fitar da Gangs of Wasseypur a 2012, cike da zagin da aka ce na mutanen yankin ma'adinan kwal na Dhanbad ne, an samu mazauna wurin da suka ce an ɓata musu suna.

Mai tacewa da iyakar ikonsa

Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a a jihar, kuma ta yi zamani mai zafi daga 2007 ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, lokacin da har Ibro kansa ya shiga kurkuku a 2008 a kan fim ɗinsa Ibro Aloko. A zamanin kaset da faifai wannan iko yana da tasiri har a ƙetaren iyaka, domin kayan da ke isowa Maraɗi da Yamai daga kasuwar Ƙofar Wambai da Bata suke fitowa, abin da aka datse a can a datse yake zuwa nan. Yau kuwa gajeren wasa yana tashi daga wayar wani yaro ya hau YouTube ko TikTok, mai tura finafinai a bakin titi ya zuba shi a katin waya, kuma daga cikin fim mai tsawon sa'a biyu, gutsuren da aka fi yankowa a yaɗa shi ne daidai wurin da aka yi zagin.

Yamai, inda madubi ya zama malami

Akwai wani al'amari da mazaunin Kano ba zai gan shi da sauƙi ba, amma a Dar es Salam a fili yake. Yamai ƙasar Zabarmawa ce, unguwanninta kuma cakuɗe suke, gida na Zabarmanci, maƙwabci na Fulatanci ko Buzanci, lakwal na Faransanci, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa da titi, ita ce harshen fiye da rabin mutanen ƙasa, har kundin da hukumomi suka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa. Yara da yawa a nan ba a bakin kaka suka tsinci Hausarsu ba, wani kaso mai yawa nata daga fim ya zo musu. Sananne ne kuma cewa kalmar alfasha a harshen da ba a shayar da mutum da shi ba, ba ta yi masa nauyi a baki, domin bai taɓa shan mari a kanta ba, bai taɓa ganin fuskar mahaifiyarsa ta sauya saboda ita ba. Sai yaro ya ɗauki abin da Bakatsine ke faɗa wa sa'ansa kaɗai a tasha, ya faɗa wa mai shagon da ya haifi ubansa, yana murmushi, yana zaton gwanintar Hausa ya nuna.

Abin mamaki kuma, ainihin maganar matasan Yamai, wadda ke tsalle daga Hausa zuwa Zabarmanci a jimla ɗaya, ta ɗauko zagin Faransanci da aka tsinta a filin lakwal ta cusa a tsakiya, da wuya ka ji ta a fim ɗin da suke kallo. Madubin da aka ce yana nuna jama'a bai taɓa fuskantar su ba, su ne suke gyara bakinsu don ya yi kama da abin da ke cikinsa. Idan aka ci gaba a haka, wata rana mai fim zai zo fadar unguwa da kyamararsa, ya ji yara suna magana irin ta fim, ya ce ga hujjarsa, alhali amsa-kuwwar muryarsa ce ta dawo masa.

Mafi bayyanar wannan lamari yana cikin finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa, inda jarumin da aka haifa a Mumbai ko Hyderabad yake buɗe baki sai ga sarar ƴan Fagge da baƙar maganar ƴan daba suna fitowa, kuma babu mai iya cewa haka mutanen garinsu suke magana. A babi na gaba za mu shiga ɗakunan fassara na Kano irin su Algaita, mu ga wane ne ke zaɓar waɗannan kalmomi, da me yake auna su, da kuma dalilin da ya sa yaran Yamai suka fi haddace muryarsa fiye da ta jaruman Kannywood kansu.